An Riga An Ce Ta Warke

Ranar Litinin da safe matar Fasto ta kulle ƙofar ɗakinta, ta cire riga a gaban madubi, ta ga abin da ta yi makonni tana gudun gani. Ƙullutun da ke nononta na hagu ya kai girman ƙwan kaza. Fatar wurin ta yi baƙi ta yamutse, kuma a ƙasan hammata wani ƙarami ya fito, mai tauri kamar tsakuwa. Ta gwada ɗaga hannu, hannun ya tsaya daidai kafaɗa ya ƙi wucewa.

A falo kuwa muryarta ce ke tashi. Baƙi sun yi sammako, Fasto ya kunna musu bidiyon nan a babbar talabijin. Wata biyar ke nan da ɗaukarsa, amma babu baƙon da zai shigo gidan ya fita bai gani ba. A ciki ana ganin ta tsaye gaban bagade da farin ɗankwali, Fasto ya ɗaga takardar likita wadda ta ce a yi mata tiyata, ya yayyage ta ya watsa sama, jama'a na ta tsalle. Sai aka miƙa mata makirufo ta ce, "Na warke. Babu komai a jikina."

Ba ƙarya ta yi niyyar yi ba a ranar. Ta yi kwana uku tana azumi, an yi addu'a a kanta har muryoyi suka dushe, ta taɓa wurin ta ji kamar ya ragu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Da baƙin suka tafi, ta leƙa ta kira shi. Ya shigo yana duba agogo.

"Baban yara, ina so ka ga wani abu."

Ta buɗe. Ya kalla sau ɗaya, ya mai da fuskarsa taga.

"Rufe."

"Ya ƙara girma. Ga wani ma a hammata."

"Na ce ki rufe, kuma ki kama bakinki. Baki shi ke yanka wuya. Abin da mai bi ya furta shi ke tabbata a kansa. Wannan ba ciwo ba ne, hoto ne Shaiɗan ke nuna miki don ki janye shaidarki."

"To hoton nan ya hana ni ɗaura ɗankwali da hannu biyu."

"Kin ga irinta ko? Tun yanzu kin fara ba shi wurin zama." Ya sassauta murya, ya dafa kafaɗarta ta dama. "Mama, saura sati biyar zaɓe. Na tsaya a bagade na faɗa wa mutum dubu uku cewa Ubangiji ya nuna mini wanda zai riƙe ƙasar nan. Kin san me ya sa suka yarda? Don sun ga abin da ya yi a gidana. Zamanin nan ya mai da likita abin bauta, mu kuma aka aiko mu mu nuna akwai wanda ya fi likita."

Ya buɗe durowa, ya ɓalli ƙwayar hawan jininsa da yake kira bitamin, ya haɗiye da ruwa. Kafin ya fita ya ɗauke wayarta daga kan gado, ya ce za ta shiga keɓewa ta addu'a, kuma mai keɓewa ba ya sauraren surutun duniya. Aka gaya wa maigadi Mama ba ta ganin kowa sai wanda Fasto ya yarda.

Cikin sati na biyu wurin ya fashe. Ta yayyanka tsohon zane tana tarewa da shi, ta wanke a banɗaki, ta shanya a bayan kujera cikin ɗaki, don kada a gani a igiya. Uwar mijinta, wadda kowa a gidan ke kira Kaka, ita ta fara ganewa. Ta shigo da sandarta da hantsi, ta zauna bakin gado ta daɗe tana kallon tsummokan.

"Na ji warin tun shekaranjiya," in ji ta. "Ni ma mace ce, 'yata."

Matar Fasto ta zame ta durƙusa ta kama ƙafarta.

"Kaka, ki yi masa magana. Ke kika haife shi."

"Na haife shi, amma yanzu ba nawa ba ne, na jama'a ne. Ubansa ya ƙare rayuwarsa yana wa'azi ƙarƙashin itace, masu sauraro ba su kai ashirin ba, rabinsu ma inuwa ta kawo su. Yau ɗana manyan ƙasa ke durƙusa masa. Kina so a ce daga cikin ɗakinsa aka jawo shi ƙasa? Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Ki daure, kowa ya yi haƙuri ya dafa dutse."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar turare, ta ajiye kan tebur.

"Ki riƙa fesawa kafin ki fito falo."

Ranar Laraba matan coci suka zo addu'a, tunda an ce Mama ba ta fita. Suka cika falo, suna zaune ƙarƙashin manyan hotunan ɗan takara da aka jingine a bango ana jiran ranar rabawa. Bayan waƙa biyu, shugabar mata ta jawo wata matashiya gaba. Malamar firamare ce, aji uku take koyarwa, har da sauran alli a yatsunta don daga makaranta ta wuto. Tana da ɗa ɗan shekara biyu a gida.

"Mama, irin naki ne ya same ta," in ji shugabar. "An sa mata ranar tiyata Alhamis ta sama. Amma mijinta ya ga bidiyonki, ya ce wuƙa ba za ta taɓa matarsa ba alhali ga ki a raye."

Malamar ta durƙusa, idonta cike da hawaye.

"Mama, ki ɗora mini hannu. Abin da ya yi miki ya yi mini."

Matar Fasto ta dubi malamar. Ta ɗaga kai, sai ga Fasto tsaye a ƙofar falo, ya saita waya yana ɗauka, yana murmushi yana gyaɗa mata kai. Ta ɗora hannun dama a kan malamar, don na hagu ba ya ɗaguwa. Ta sunkuya dab da kunnenta ta ce a hankali, "Ki je ranar Alhamis ɗin. Ki je."

Shugabar mata ta tsinci maganar, ta miƙe tana tafi.

"Kun ji? Mama ta ce ta je ranar Alhamis ta shaida wa likitoci cewa an riga su."

Falo ya ɗauki amin. Aka tayar da malamar ana rungumar ta, aka wuce da ita waje cikin waƙa. Matar Fasto ta koma ɗaki ta yi amai a bokiti.

Yayarta nas ce a wani ƙaramin asibiti can ƙarshen gari. Da ta yi kwana goma tana kiran waya ba a ɗauka, sai ta zo da kayan aikinta a jiki, ta ture maigadi ta shige. Ba ta jira an buɗe mata ba, ita ta buɗe rigar da hannunta. 

"Tun yaushe ya fashe?"

"Kwana biyar, Yaya."

"Kuma kika ɓoye mini? Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa."

Ta wuce ofishin Fasto da ke jikin ɗakin, ta bar ƙofa a buɗe. Matar Fasto tana kwance tana jin komai.

"Yaya, zauna," in ji shi. "Kina tsammani ban sani ba? Ina da ido."

"Ka sani, kuma ka kulle ta a ɗaki?"

"Sati uku kawai. Da an gama zaɓe ni da kaina zan kai ta wani gari da ba a san mu ba."

"Ciwon nan ba shi da katin zaɓe, ba zai tsaya a layi ya jira ka ba. Kai da kake shan ƙwayar hawan jini kullum, wa ya yayyage maka taka takardar?"

"Ki bar wannan. Idan aka gan ta a asibiti yau, kafin la'asar hotonta ya zaga kowace waya. Ba ni za a zaga ba, sunan Ubangiji za a zaga. Waɗanda ke son fitar da addu'a daga makarantu, su koya wa yaranmu cewa babu zunubi a duniya, su za su ci zaɓe. Ƙasa guda ce a hannuna, Yaya. Kina so in sake ta saboda mace ɗaya?"

Mace ɗaya. Shekara ashirin da biyu tana guge masa rigunan wa'azi, tana share coci tun yana shago ɗaya mai benci huɗu. Ta juya fuskarta bango.

Yaya ta dawo ta jawo jaka daga saman kabad.

"Tashi mu tafi. Yanzu."

"Bai ba ni izini ba."

"Izinin me? Mutuwa kike yi."

"Yaya, da bakina na koya wa matan coci cewa mace ba ta taka ƙofar gida sai da yardar mijinta. Shekara nawa ina faɗa. Na mayar da mata gidajen da suka gudo daga ciki da kumburarriyar fuska. In na fita yau, da wane ido zan kalle su? Ga yara a jami'a, sunan ubansu suke ɗauke da shi. Sati uku ne."

Yaya ta zage ta, ta roƙe ta, ta yi kuka. Da ta ga ba ta motsa ba, sai ta wanke wurin da kyau, ta sa auduga da bandeji, ta cusa mata maganin rage zafi ƙarƙashin matashi. Bayan tafiyarta aka sauya maigadi, aka kawo wani ƙato wanda bai san kowa ba.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Hannun ya kumbura har zobe ya nutse a yatsa. Tari ya shigo. Daga gado zuwa banɗaki sai ta huta sau biyu. Ta taga tana jin motocin kamfen na wucewa da lasifika, wani lokaci muryar mijinta ce ke fita daga ciki.

Mutum ɗaya aka bari ya shiga wurinta, wani dattijon ikilisiya da ya koya mata karatun Maganar Allah tun tana yarinya. An ga ya tsufa, ba zai yi ɓarna ba. Ya zauna kan kujera, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba, rashin bangaskiyata ce?"

"A'a, 'yata. Ni dai abin da aka koya mini, Ubangiji bai taɓa neman wani ya yi ƙarya don ya kare masa suna ba. Bayinsa na gari sun yi ciwo, wasu sun warke, wasu ba su warke ba, kuma duk nasa ne. Shi kansa Mai Ceto a fili ya sha wahalarsa, da rana tsaka, ba a kulle shi a ɗaki don kada a gani ba. Wannan sabuwar koyarwa ta cewa mai bi ba ya ciwo, ba ya rashi, ba ya faɗuwa zaɓe, ni ban san inda aka samo ta ba."

Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

"To Baba, ka faɗa a gaban dattawa. Kai za su ji maganarka."

Ya sunkuyar da kai yana juya hular.

"Waɗanne dattawa? Rabinsu suna cikin kwamitin kamfen. Ni bara aka cire ni, aka ce in huta. Ga jikana yana aiki a ofishin ɗan takarar, shi ke riƙe da gidanmu. In na buɗe baki za a ce hassada ce ta tsoho." Ya miƙe da ƙyar. "Zan sa ki a addu'a."

Saura kwana bakwai zaɓe aka yi babban taron addu'a domin ƙasa a filin ƙwallo. Da safe Fasto ya shigo da sabuwar farar riga a leda, ya ce minti biyar kawai za ta yi a sama, jimla ɗaya za ta faɗa. Kaka ta taya ta shiri, suka jera auduga hawa uku, suka zazzage rabin kwalbar turare. Shugabar mata ta riƙe ta har saman dandamali, tana faɗa wa mutane azumi ne ya rama Mama.

Rana ta take tsaka. Ƙasa ba ta ganuwa don jama'a. Ɗan takara ya durƙusa kan darduma, Fasto ya ɗora masa hannu, sannan ya juya ga taro.

"Ƙasar nan kamar matata take. Masana sun duba ta sun ce sai an yanka. Amma wanda ya warkar da matata ba tare da wuƙa ba, shi zai warkar da ƙasar nan ta hannun bawansa. Mama, gaya musu."

Ya miƙa mata makirufo. Ta riƙe da hannun dama, ta dubi fuskokin da ke gaba, mata da goyo, tsofaffi da takardun asibiti a hannu suna ɗagawa sama ana jira a ce su yage. Ta tattara sauran numfashinta.

"Ba ni da lafiya," in ji ta.

Fasto ya fizge makirufon tun kafin ta rufe baki.

"Haka ta ce a da! Amma yau fa?"

Masu kiɗa suka saki ganga, fili ya ɗauki ihu. Ta ga rana ta rabu biyu, ƙafafunta suka saki, ta zube kan katako. Aka ce Ruhu ne ya sauko mata. Aka lulluɓe ta da farin zane kamar yadda ake yi wa duk wanda ya faɗi cikin addu'a, aka ci gaba da waƙa ana tsallake ta. Ta fi minti ashirin a nan. Yaya ce, wadda ta zo taron don ko daga nesa ta gan ta, ta keta jama'a ta hau ta baya, ta ce wa masu tsaro ita nas ce. Ta samu direban tasi suka ɗauke ta, babu wanda ya waiwayo.

A babban asibiti likitar ta duba hotuna ta daɗe, sannan ta zauna bakin gado.

"Ya shiga huhu, ya taɓa ƙashi. Da kun zo lokacin da aka ba ku takarda, da wata maganar muke yi. Yanzu za mu rage miki zafi, mu sama miki kwanaki."

Matar Fasto ba ta yi kuka ba. Ta roƙi Yaya abu ɗaya, ta je makarantar firamare ta nemo mata malamar aji uku. Washegari malamar ta zo, ta tsaya nesa da gado kamar ta ga fatalwa. Ba ta je ranar Alhamis ba, mijinta ya ƙone katin asibitin.

"An ce mana idan ciwo ya dawo, shakka ce ta shiga zuciyar mutum," in ji ta.

"Matso kusa." Matar Fasto ta sa Yaya ta ɗaga bandejin. "Ni ban yi shakka ba ko ta rana ɗaya. Duba da kyau. Ni na ɗora miki hannu, ki yafe mini."

Malamar ta toshe baki da gefen mayafinta. Yaya ta kama ta suka wuce ɗakin kati, aka sa mata sabuwar rana bayan sati biyu. Ta ce za ta ɓoye katin a cikin rajistar ajinta, kuma uwarta za ta raka ta, ko mijin ya yarda ko bai yarda ba.

Sauran suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, kowa a lokacin da ba zai haɗu da wani ba. Dattijo ya kawo lemo ya ce tun farko zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shugabar mata ta ce ita ma ta ji warin a kan matakalar dandamali, amma wa ya isa. Kaka ta aiko da bargo. Kowannensu kafin ya fita sai ya ce kada ta ce ya zo.

Fasto ya zo bayan an bayyana sakamako, ɗan takararsa ya ci. Ya shigo ta ƙofar baya da hular hana sallama ya ja ta har gira, ya nemi a mai da ita ɗaki na gefe mai labule. Ya zauna ya kama hannunta mai kumburi, kuma da gaske idonsa ya yi ja.

"Ga shi sati ukun sun cika," in ji shi. "Da kin ƙara daurewa kaɗan da ni na kawo ki da kaina. Yanzu mutane na tambaya. Me zan gaya musu ranar Lahadi?"

"Ka gaya musu ba ni da lafiya."

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan. Su yi mini addu'a irin wadda ake yi wa mara lafiya. Baban yara, wata shida ke nan babu wanda ya roƙa mini sauƙi a cocin nan. Kowa godiya yake yi a kaina. Ni kaɗai ce a ikilisiyar da ba ta da ikon yin ciwo."



"Ki bari a rantsar da shi tukuna," in ji shi. "Lokacin bai yi ba."

Ranar Lahadi da hantsi wata majinyaciya a gadon da ke bayan labule ta kunna taron ibadar cocin Fasto a wayarta, matar Fasto tana kwance tana ji. Fasto ya sanar cewa Mama ta yi tafiya, tana can wani wuri shiru tana roƙo domin sabuwar gwamnati, jama'a suka tafa. Aka yi addu'a domin ƙasa, domin wanda aka zaɓa, domin matasa kada zamani ya cinye su. Sannan sakatare ya tashi da takarda, kamar kowane mako, ya karanta sunayen marasa lafiya na ikilisiya don a ɗaga su gaban Ubangiji. Akwai mai ciwon ido, akwai wanda ya karye a babur, akwai jariri mai zazzaɓi. Ta kasa kunne har ya kai ƙarshe. Suna goma sha ɗaya ya karanta, nata ba ya ciki.